Na sayi hedifon mai tsada, wane kiɗan okestira zan saka kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Wani ƙanina ne ya turo min tambaya, wai ya tara kuɗi ya sayi hedifon mai kyau har da ɗan amfilifaya, yana so ya fara sauraren kiɗan Turawa na okestira, irin wanda mutum saba'in ko tamanin ke zama a zaure ɗaya kowa da abin kiɗansa. Amma duk wanda ya buɗe sai ya ji sautin can ƙasa kamar ana raɗa, in ya ƙara murya kuma can sai a kwaɗa masa tsawa a kunne. Ya ce in ba shi sunayen waɗanda aka ɗauka da kyau.

To ƙanina, bari in fara da wannan ƙorafin naka, domin abin da kake kuka da shi shi ne ma alamar an ɗauki faifan da kyau. Na yi shekaru ina zaune gaban na'urar haɗa sauti, kuma aikinmu na yau da kullum shi ne mu matse sauti. Akwai wata na'ura da ake kira kwamfiresa, ita ke danne wurin da ya yi ƙara ta ɗago wurin da ya yi ƙasa, yadda mai shago da rediyonsa a bakin titi zai ji komai daidai wa daida. Waƙoƙin da ka saba ji a waya kusan duk haka ake musu, daga farko har ƙarshe murya ɗaya. Shi kuwa kiɗan okestira rabin daɗinsa yana cikin tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa, sarewa guda ɗaya ta fara can nesa, bayan minti biyar mutum tamanin su taso gaba ɗaya. In aka matse wannan tazarar an kashe kiɗan. Kamfanin BIS na ƙasar Suwidin, wanda Robert von Bahr ya kafa a 1973, har gargaɗi yake bugawa a bayan faifansa na farko-farko cewa ba a taɓa wannan tazarar ba, mai sipika ya yi hattara. Saboda haka ba hedifon ɗinka ne ya lalace ba.

Abu na biyu kafin in zo kan sunaye, kar ka bari lambobi su ruɗe ka. Za ka ga ana rubuta 24 bit, 96, 192, DSD a jikin faifai don nuna ingancin sautin dijital, kai ka ce lambar waya ce. Faifan CD da ya fito a 1982 yana da 16 bit da 44.1, kuma tazarar da yake iya ɗauka ta kai wajen desibel 96, desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti, wallahi ɗakinka da nawa babu wanda zai iya cinye wannan. Abin da ke sa faifai ya yi kyau abu uku ne, zauren da aka yi kiɗan a ciki, inda aka rataye makirfo, da kuma kunnen mutumin da ke zaune gaban na'ura. In waɗannan ukun sun lalace ko a 192 aka zuba maka, shara ce dai mai nauyi da za ta cinye maka data. Shi ya sa mu in za mu sayi faifai ba sunan mai kiɗan kaɗai muke dubawa ba, muna juyawa baya mu ga wane kamfani, wane zaure, wane injiniya, wace shekara. Ka koyi wannan ɗabi'ar, ita za ta fi maka duk jerin sunayen da zan ba ka amfani.

Yanzu ga abin da zai ba ka mamaki. Da yawa daga cikin faifan da har yau masu harkar sauti ke gwada kayansu da su, tsakanin 1954 da wajen 1965 aka ɗauke su. Da tsohuwar zuma ake magani. Dalili kuwa a lokacin sitiriyo, wato sauti mai hagu da dama, sabon abu ne, na'urar ɗauka layi biyu ko uku kawai take da shi, babu halin a yi wani babban gyara daga baya, dole injiniya ya hau tsani ya yi ta matsar da makirfo taku ɗaya gaba taku ɗaya baya har sai sautin ya zauna. Makirfo biyu ko uku a gaban mutum tamanin, shi ke nan. Abin da suka ɗauko shi ne abin da mutumin da ya samu kujera mai kyau a zauren zai ji. Daga baya da aka samu na'ura mai layi goma sha shida da ashirin da huɗu sai wasu kamfanoni suka koma dasa wa kowane rukuni makirfonsa, a dawo situdiyo a haɗa, sai ka ji sarewa ta yi girman babban goge, mai busa da ke can baya ya dawo kan cinyarka. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai.

In ka ce in zaɓa maka guda ɗaya tak na farawa, Scheherazade zan ce, na Rimsky-Korsakov ɗan Rasha, ya tsara shi a 1888. Kai ma ka san labarin ai, Dare Dubu da Ɗaya ne, sarkin da ke kashe matansa da Shaharzad mai ba shi labari kowane dare. Kiɗan na buɗewa da ƙahonin tagulla masu kauri, wannan sarkin ne, sai goge guda ɗaya siriri ya shigo, wannan ita ce. Wanda za ka nema shi ne na madugun makaɗa Fritz Reiner da okestirar Shikago, kamfanin RCA, cikin jerin da suke kira Living Stereo, an ɗauka a 1960 a zauren Orchestra Hall, injiniya Lewis Layton, mai gogen kuma Sidney Harth. Ga abin da nake so ka saurara. Lokacin da gogen ke kuka shi kaɗai, ka ji ko yana da wurin zama, wato ɗan hagu da tsakiya, kuma akwai iska a kewaye da shi, ba manne yake a kunnenka ba. Sai ka tsallaka kashi na huɗu, inda ake bikin Bagadaza har jirgin ruwa ya je ya daki dutse, gudun da suke yi a wurin ba na wasa ba ne, amma duk da haka kana iya bin ƙaramar ganga daban, kakaki daban, ba su cakuɗe sun zama fate ba. In kayanka suka raba maka su a wannan wurin to kuɗinka bai tafi a banza ba.

Reiner ɗin nan mutum ne mai tsanani, makaɗansa tsoronsa suke ji, amma aikin ya nuna. Tun a watan Maris na 1954 RCA suka ɗauke shi a sitiriyo yana jagorantar Also sprach Zarathustra na Richard Strauss, a lokacin ko faifan garmaho na sitiriyo bai shigo kasuwa ba, sai 1958. Farkon wannan kiɗan kowa ya san shi ko bai san sunansa ba, shi ne ake sakawa in za a nuna fitowar rana ko tashin kumbo a fim. Kafin kakaki ya shigo akwai wani gurnani can ƙasa da ogan, wato babban abin kiɗan nan na coci mai bututai, da manyan goge ke riƙewa, wanda sipikar waya ba ta ma san da shi ba, sai ka ɗauka shiru ne. A hedifon mai kyau za ka ji shi kamar tirela ta tsaya a ƙofar gida ba a kashe injin ba. Ka nemi Concerto for Orchestra na Bartók da suka yi a 1955 da Pines of Rome na Respighi na 1959, duk hannu ɗaya ne. Sai dai in faɗa maka gaskiya tun yanzu, za ka ji ɗan shuuu na kaset a ƙarƙashi, kuma wurin da aka taso da ƙarfi sosai wani lokaci kaset ɗin na ɗan shaƙewa. Minti biyu kunnenka zai manta da shi. In kuma kai irin mutanen nan ne da shuuu ke hana su sakat, ka tsallake zuwa na zamani da zan kawo a ƙasa, ba laifi ba ne.

A RCA ɗin dai, akwai Charles Munch da okestirar Boston, simfoni, wato dogon kiɗan okestira mai kashi-kashi, na uku na Saint-Saëns wanda ake yi wa laƙabi da mai ogan, 1959. Zauren Symphony Hall na Boston an buɗe shi a 1900, kuma yana cikin na farko da aka gina da lissafin masanin kimiyyar sauti, Wallace Sabine. Kowa na jiran kashi na ƙarshe inda ogan ke faɗowa kamar an buɗe dam, amma ni wurin da nake gwada kaya shi ne sashen nan mai sanyi na tsakiya, inda ogan ke shimfiɗe a ƙarƙashin goge a hankali, ba jinsa kake yi sosai ba, a jikinka kake jinsa.

Sai kamfanin Mercury da jerinsu Living Presence. Miji da mata ne ƙashin bayan abin, Robert Fine injiniya da Wilma Cozart Fine mai kula da ɗauka. A 1951 suka ɗauki Rafael Kubelík da okestirar Shikago suna Pictures at an Exhibition da makirfo ɗaya tal rataye a sama. Da sitiriyo ya zo suka koma uku, hagu tsakiya dama, kuma in sun saita murya ba sa ƙara taɓawa, madugun makaɗan shi ke da ikon ƙarawa da ragewa da sandarsa. Sautin Mercury kusa yake, kamar kana sahun gaba, wani lokaci har da ɗan kaifi a sama, ba kowa ke so ba. Firebird na Stravinsky da Antal Doráti ya yi da okestirar London Symphony a 1959 a zauren Watford shi ne sarkinsu a wurina. Yana farawa da manyan goge can ƙasa kamar wani na tafiya a sanɗa cikin duhu, to a nan ne fa za ka so ka ƙara murya, kar ka ƙara, akwai rawar aljanu a gaba da za ta sa ka jefar da hedifon. Ita Wilma da kanta ta zauna ta juye waɗannan kaset zuwa CD a shekarun 1990, shi ya sa fitowar CD ɗin ma abin yarda ce.

Tunda an zo kan Doráti, dole wani ya ce maka ka nemi 1812 Overture na Tchaikovsky, mai igwa da ƙararrawa. Na Mercury na 1958 igwar gaske suka harba daga makarantar sojoji ta West Point, ƙararrawar kuma ta cocin Riverside ce a New York. Kamfanin Telarc ma sun yi nasu da Erich Kunzel a Cincinnati a 1978, na dijital, wanda a garmaho allura tsalle take yi ta fice daga layi in igwar ta tashi, har gargaɗi suka rubuta a jiki. Ka saurara sau ɗaya ka yi dariya, ka kira abokanka su ma su razana, shi ke nan. Shi kansa Tchaikovsky ya faɗa cewa hayaniya ce kuma ba da zuciya ɗaya ya rubuta shi ba. Na san mutanen da suka kashe dukiya a kan sipika kuma abin da suke sakawa kenan kullum, harbin igwa. Allah ya kyauta.

Inda zuciyata take kuwa shi ne Decca na Ingila. Su ne a 1954 suka ƙirƙiro wata dabara da har yau ake amfani da ita wajen ɗaukar kiɗan fim, ana ce mata bishiyar Decca. Ƙarfe ne mai siffar harafin T, makirfo uku a jiki, biyu a gefe tazarar wajen mita biyu, ɗaya a gaba, a ɗaga shi sama da kan madugun makaɗa wajen mita uku. Na tsakiyan shi ke hana rami a tsakiyar sauti. Roy Wallace da Arthur Haddy ne suka fara, Kenneth Wilkinson kuma ya kai abin maƙura, duk faifan da ka ga sunansa a baya ka ɗauka ido rufe. Abin da Decca ke ba ka wanda RCA da Mercury ba su cika bayarwa ba shi ne zurfi, ka ji goge a gaba, masu busa a bayansu, tambura can jikin bango, kuma bayan an tsaya sautin ya ɗan yi yawo a zauren kafin ya mutu.

Zauren da suka fi so a Landan shi ne Kingsway Hall, asalinsa wurin ibada ne na Methodist, ba don kiɗa aka gina shi ba amma Allah ya yi shi da amo. Matsalarsa ɗaya, jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa na wucewa ta kusa, saboda haka a faifai da yawa in wuri ya yi tsit za ka ji wani ɗan ruri na wucewa. Mu har wasa muke da shi, in sipikarka ba ta nuna maka jirgin Kingsway ba to bas ɗinta bai sauka ƙasa ba. An rushe ginin a 1998. A can aka ɗauki faifan da nake ganin ya kamata ya zama makarantarka, The Young Person's Guide to the Orchestra, wanda Benjamin Britten ya tsara kuma shi da kansa ya jagoranci London Symphony a 1963. Bai kai minti ashirin ba. Ya ɗauko karin wani tsohon makaɗi Purcell, kowa ya yi tare, sannan ya bi kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya, sarewa, obo mai kama da algaitarmu amma ta fi ta ladabi, kilarinet, basun, goge ƙanana da manya, garayar Turawa mai tsayi, ƙahoni, ganguna, a ƙarshe ya sake tara su. In ka saurare shi sau uku ido rufe za ka san muryar kowa da mazauninsa, ƙananan goge a hagu, celo da manyan goge a dama, masu busa a tsakiya, tagulla da ganguna a baya. Daga nan duk wani faifai da ka saka ka san abin da kake nema.

Sauran na Decca a taƙaice, Ernest Ansermet a zauren Victoria Hall na Jeneba, musamman The Three-Cornered Hat na Falla ɗan Sifen, 1961, yana buɗewa da tambura da tafi da ihu da ƴan katakon nan da masu rawar Sifen ke kaɗawa a hannu, in za ka burge baƙo cikin daƙiƙa talatin shi ne. Sai España na Ataúlfo Argenta. Sai simfoni na tara na Dvořák da István Kertész ya yi da okestirar Biyana a 1961 a zauren Sofiensaal, inda Georg Solti ya ɗauki Ring na Wagner daga 1958 zuwa 1965, amma wannan wasan waƙa ne na awa goma sha wani abu da Jamusanci, ka bar shi tukuna, ba a fara koyon iyo a tsakiyar kogi.

To mu zo dijital, don kar ka ce tsoho ya tsaya a zamaninsa. Farkon dijital an sha suka, da yawa sun fito da kaifi kamar ana goga ƙarfe, amma Decca sun samu wata coci a garin Saint-Eustache kusa da Montiriyal a Kanada, suka ɗauki Charles Dutoit yana Daphnis et Chloé na Ravel a 1980, kuma har gobe ban ji wanda ya ture shi ba. Akwai wurin fitowar alfijir a farkon kashi na uku, sarewa da kilarinet na gudana kamar ruwa, tsuntsaye na kuka, mawaƙa na amsawa ba da kalma ba, a hankali a hankali har gari ya waye. Babu shuuu ko kaɗan. Wannan ne nake sakawa in wani ya ce min dijital ba shi da rai.

A Amurka akwai ƙaramin kamfani Reference Recordings, injiniyansu Keith Johnson, mutumin da ke ƙera na'urorinsa da hannunsa. Abin da ya yi da Eiji Oue da okestirar Minnesota shi ne ake yawan ji a wuraren baje kolin kayan sauti, musamman Symphonic Dances na Rachmaninoff da ya fito a 2001, da Fanfare for the Common Man na Copland. Babbar gangar da ke cikinsu ba ƙara kawai take yi ba, kana jin fatar na rawa bayan an doka. A kashin farko na Rachmaninoff ɗin akwai wurin da saksofon ke waƙa shi kaɗai, abin da ba a saba ji a okestira ba. Ra'ayina dai, ɗaukar ta fi jagorancin, Oue ba Reiner ba ne, amma ba zai ba ka kunya ba. In kana son duka biyun a wannan kamfanin dai ka nemi Manfred Honeck da okestirar Pittsburgh, ana ɗaukarsu kai tsaye gaban jama'a a zauren Heinz Hall. Simfoni na biyar na Shostakovich da suka yi ya ci kyautar Grammy biyu a 2018, ɗaya ta kiɗan ɗaya ta aikin injiniya.

A Turai kuma Channel Classics na Holan, Jared Sacks shi ne ya kafa kamfanin shi ne injiniya, da Iván Fischer da Budapest Festival Orchestra. Simfoni na biyu na Mahler da suka fitar a 2006 shi ne jarrabawar ƙarshe. Wajen minti tamanin ne, kashi biyar, a na ƙarshen akwai masu ƙaho da ake ajiyewa a bayan dandamali don a ji su daga nesa, sai kuma taron mawaƙa su shigo da wata irin raɗa da sai ka riƙe numfashi, a ƙarshe ogan da ƙararrawa da kowa da kowa. Faifan da bai da kyau a nan yake tonuwa, komai ya dunƙule ya zama ihu. Na Fischer kuwa yana ƙara buɗewa ne. Amma kar ka fara da shi, ka bari sai ka yi wata biyu uku. BIS da na ambata a sama, ka nemi simfonin Sibelius da Osmo Vänskä ya yi da okestirar Lahti a Finlan a shekarun 1990, su ne ma suka fi kowa wannan halin na raɗa da tsawa, in akwai fanka a ɗakin rabin kiɗan ba za ka ji ba. Na baya-bayan nan kuma John Wilson da Sinfonia of London a kamfanin Chandos, suna ɗauka a wata coci a unguwar Kilburn ta Landan, Respighi ɗinsu na 2020 ka jera shi da na Reiner na 1959 ka ji yadda shekara sittin ta canza abu da kuma yadda ba ta canza ba.

Maganar fanka ta tuna min, kuma wannan ya fi duk sunayen nan muhimmanci a wurinmu. Ɗakin da ya yi tsit yana wajen desibel 30. Ka kunna fanka, janaretan maƙwabci na ruri, ƴan adaidaita na hon, ka haura 50 cikin sauƙi, wato duk wuraren sanyi na kiɗan sun nutse, shi ne kake ƙara murya har tsawa ta same ka. Ni sai dare ya raba nake sauraro, ko bayan asuba kafin gari ya tashi. In hedifon ɗinka irin mai buɗaɗɗen baya ne, ya fi faɗin sauti amma duk hayaniyar waje na shiga, da rana mai rufaffen baya ya fi maka. Yadda ake saita murya kuma, ka tsallaka wurin da ya fi ƙara a faifan, ka saita shi daidai yadda za ka iya jurewa ba tare da ka yamutsa fuska ba, sannan ka dawo farko ka cire hannunka. Kunne ba shi da safaya.

Ka shiga saitin manhajar da kake amfani da ita ka kashe abin nan da ke daidaita ƙarar waƙoƙi, ka kashe ikwalaiza da duk wani ƙarin bas. Ka haɗa hedifon da igiya, bulutut na rage ingancin sauti kafin ya aika. Ka zaɓi ingancin CD, ya isa, awa ɗaya na cin wajen mega 300, na 24 da 96 kuwa ya kan haura giga ɗaya, ga tsadar data, gara ka sauke a inda ka samu wayifai ka ajiye. Apple Music na da ingancin CD tun 2021, kuma suna da manhaja ta musamman ta wannan kiɗan tun 2023 wadda ke sauƙaƙa nema. Neman ma sai ka iya, domin Scheherazade kaɗai an ɗauke shi sau fiye da yadda za ka ƙirga, in ka rubuta sunan kawai duk wanda ya zo sama za a miƙo maka. Ka rubuta sunan kiɗan da na madugun tare, Scheherazade Reiner, Firebird Doráti, Daphnis Dutoit, sannan ka duba hoton bangon da shekarar. Ka guji tarkacen nan masu suna irin kiɗan barci ko kiɗan karatu guda ɗari, ba ka san wa ya yi ba, ba ka san daga ina suka kwafo ba, wasu daga tsohon garmaho aka juye aka bi da na'urar goge shuuu har ta goge rabin gogen.

Akwai ciwon da ke kama masu wannan harka, na yi fama da shi, mutum ya koma sauraren sipika maimakon kiɗa, ya saka minti ɗaya ya cire ya saka wani. Simfoni na biyar na Beethoven da Carlos Kleiber ya yi da okestirar Biyana a 1974 a kamfanin Deutsche Grammophon, in don ɗauka ne ba zai shiga sahun waɗanda na lissafa ba, sautin ya ɗan taƙure, bas ɗin ba shi da nauyi sosai. Amma na fi saka shi a kan rabin waɗancan, domin daga bugun farko mutumin ya shaƙe ka ba ya saki sai ya gama. Ka saka shi cikin jerin ko da hedifon ɗin bai yi alfahari da shi ba.

A daren yau dai ka fara da Britten, minti goma sha bakwai ne kacal, gobe Reiner. In ka gama ka rubuto min ta wane gefe ka ji garayar Turawan ta shigo, kuma ko ka ji bambancin obo da kilarinet, daga nan zan san ko Ravel zan tura ka ko Sibelius.